Farin Allon Da Kwamiti Ya Ƙi

Har gobe ba na mantawa da ranar da kwamitinmu ya zauna zaɓen allon hawan ruwa. Ku da kuka zo aiki daga baya kuna ganin tafkin nan na bayan ofis kamar don agwagi aka haƙa shi. To, ba haka ba ne.

Alhaji, mai wannan gidan shaƙatawa, shi ya je ƙasar waje ya ga samari suna tsayawa a kan allo igiyar ruwa tana tura su. Ya dawo ya ce sai an yi irinsa a Dutse, garin da duwatsu suka fi ruwa yawa. Aka haƙa tafki, aka yi masa siminti, aka kafa injin da ke turo ruwa. Injin kuwa ƙarami aka sayo. Igiyar da yake tayarwa da ƙyar take kaiwa gwiwa, tana tafe a sanyaye kamar mai azumi da la'asar.

Aka ɗauko Nura ya zama mai koyarwa. Mutumin Haɗeja ne, ƙato, mai baki, ya yi shekaru a bakin teku a Legas, can ya koyo hawan. Da ya samu aikin, har matarsa da ɗansu ya kwaso ya kama ɗaki a nan kusa, ya ce ya gaji da zaman kudu. Sharaɗi ɗaya aka gindaya masa: ranar buɗewa zai hau allo a gaban baƙi. In ya burge, aiki ya tabbata.

Tsarinmu a lokacin, ba a sayen komai sai kwamitin sayayya ya gani da ido. Manaja ne shugaba a takarda, amma mai magana ta ƙarshe shi ne ƙanen Alhaji, wanda aka ba muƙamin Darakta don kada ya zauna a gida haka nan. Ni ne sakatare, wato ina da kunne amma ba ni da ƙuri'a.

Samfurin allo biyu dillali ya aiko daga Legas a ƙarshen damina. Ɗaya gajere ne, siriri, mai tsinin baki, ja jawur. Ɗayan dogo ne, mai faɗi da kauri, bakinsa a zagaye, fari fat. Jan, mutum ɗaya ya shigo da shi a hammata. Farin kuwa leburori biyu suka ɗauko a kafaɗa, ɗaya gaba ɗaya baya, suna tafe a hankali don kada ya bugi ƙofa.

Darakta ya ɗaga kai ya ce, "Innalillahi. Wa ya rasu?"

Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

Nura ya miƙe ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce ƙaramar igiya ba ta da ƙarfin tura mutum, don haka allon ne zai yi rabin aikin. Mai faɗi da kauri yana zama a saman ruwa, da an ɗan taɓa shi sai ya zame. Siririn an yi shi ne don igiyar teku mai tsayin katanga. A ruwa irin namu, nutsewa zai yi a ƙarƙashin mai hawa.

"Na ji turancinka," in ji Darakta. "Amma wannan makara ce. Wane uba ne zai biya kuɗi a kwantar masa da ɗa a kan makara, a tura shi ruwa?"

"Ranka ya daɗe, sai a yi masa fenti. Kore ko shuɗi."

"Makara mai fenti kenan."

Manaja, wanda da safiyar nan ya ce mini bayanin Nura ya shige shi, ya gyara zama ya ce wallahi shi ma tun shigowar allon gabansa ke faɗuwa. Akantanmu ya ce jan ya fi kama da na hoton da Alhaji ya nuna a waya. Cikinsu babu wanda ya taɓa shiga ruwan da ya wuce na bokiti. Nura ya roƙi a fita tafki a gwada duka biyun, ga shi nan bayan taga. Darakta ya ce kwamiti ba wurin wasan ruwa ba ne. Aka yi odar ja guda goma, aka jefa farin a sito.

Ranar buɗewa aka kafa rumfuna, baƙi suka zo daga Ringim, daga Garki, har da wakilin hakimi. Aka tayar da inji. Nura ya kwanta a kan jan allo, ya yi iyo da hannu, igiya ta zo, ta ɗan ɗaga shi, ta wuce abinta. Ya sake. Da ya yunƙura zai miƙe, allon ya lume, ya tsaya cikin ruwa iya ƙugu yana kallon jama'a. Ya yi ta yi har numfashinsa ya fara fita da ƙara. Matarsa na can gefen mata da goyo, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni dai tausayi ya hana ni kallo.

Wakilin hakimi ya sunkuya ya tambayi Alhaji, da zuciya ɗaya, "Yaushe za a fara?"

Alhaji ya tashi ya shiga mota.

Washegari Nura ya same ni a ofis, duk bakin nan ya mutu. Ya ce, "Malam, ka roƙar mini Manaja. A fito da farin sau ɗaya, Alhaji ya gani. In ban tsaya ba, da ƙafata zan tafi."

Na kai saƙon. Manaja ya rufe ƙofa ya ce, "Kai ma da girmanka? In ya hau ya tsaya fa? Wa zai je ya gaya wa Alhaji ƙanensa ne ya yi kuskure?"

A nan na gane ba tsoron makara ake yi ba kuma. Tsoron kada allon ya yi aiki ake yi. Kafin azahar aka sallami Nura, aka ce an bincika an gano bai iya ba. Ya ɗaure kayansa a kan mota, ya mayar da iyalinsa Haɗeja.

Abin da na koya, kuma ku riƙe shi, shi ne a irin wannan aiki namu kaya ba sa laifi, wanda ya zaɓo su ma ba ya laifi in yana da dangi a sama. Laifi na wanda aka ba kayan ya yi aiki da su ne. In babba ya riga ya furta, za a gwammace a canja mutum da a canja magana.

Sati na zagayowa kwamiti ya sake zama don neman wanda zai maye gurbin Nura. Aka daɗe ana shawara. Daga ƙarshe Darakta ya ce ya gano inda matsalar take, Nura ya cika nauyi. A nemo siriri.