Muryar Babana da Akwatin Jita

Amfilifayar masallacin unguwarmu a Mandera ba don kiran salla aka ƙera ta ba, ta jita ce. Ƙanen babana, wanda muke kira Baffa, shi ya zo da ita daga Sakkwato, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kaɗa jita a wuraren biki, abin da danginmu ba su yafe masa ba sai da ya mutu. Da aka zo rabon abin da ya bari, kowa ya kau da kai daga wannan baƙin akwati mai nauyin rabin buhun gero. Babana, wanda shi ne ladanin masallaci, ya ce a ba shi. Ya sa aka cire lasifikar cikinta da ta riga ta yage, aka ja waya zuwa wata lasifika mai faɗin baki a kan rufin masallaci, aka soka makirfo a ramin da ake soka jita a da. Ya ce in ƙanensa ya kwashi zunubi da ita, to bari ta riƙa samo masa lada sau biyar a yini.

Da wannan murya ta babana na tashi. Ba ta da kauri, amma tana da tsawo da daɗi, kuma babana bai taɓa yin wani abin da ya sa aka san shi ba in ban da ita. Gonarsa ƙarama ce, iliminsa daidai gwargwado. In aka ce ladan a garinmu, to shi ne, har mutane da yawa ba su san sunansa na yanka ba.

Ni kuma na zama malamin kimiyya a wata sakandare a Bodinga, ina taɓa gyaran rediyo da fitila a gefe. Ina da wani hali da matata ke cewa ciwo ne: ba na iya ganin abu a lalace in wuce. Ko agogon bangon mutane na gani a tsaye, sai hannuna ya fara ƙaiƙayi. Ga taurin kai, ga son a ce na iya.

A wata damina, 'yan shekarun nan, wani maƙwabcinmu na Mandera ya kira ni a waya. Ya ce amfilifaya ta yi shiru kusan sati uku, babana yana kiran salla da bakinsa daga ƙofar masallaci, ba mai ji sai wanda ke kusa. Dattawan unguwa sun zauna sun ce in ba ta gyaru ba za a sayo sabuwa, kuma tunda sabuwar tana da maɓallai da yawa, sai a miƙa kiran ga wani malamin allo da ya dawo unguwar, mutum mai ƙarfi da murya kamar ganga. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wato don akwati ya yi shiru za a ture tsohon da ya yi shekara da shekaru yana tashin gari? Ranar Asabar na ɗaure jakar kayan aikina a bayan babur na kama hanyar Shagari, wadda ke kai wa garinmu.

Na tarar da babana a zaure. Ya amsa gaisuwata ƙasa-ƙasa, har sai da na matsa kusa. Innata ta ce mura ce ta damina, ni kuma ban ƙara tambaya ba, don hankalina yana masallaci.

"Baba, mi yas samu amfilifayar ga?" na tambaye shi.

"Tsuhwa na," in ji shi. "Bar ta haka nan, ta yi nata aiki."

Na yi dariya na ce tsufan da ban gwada shi da mita ba ban yarda da shi ba. Ya miƙo mini mabuɗin ɗan ɗakin da ke jikin masallaci, bai biyo ni ba.

Amfilifayar tana nan a kan tebur, an lulluɓe ta da tsohon rawani don ƙura. Na fara da abin da ya fi sauƙi. Masallacin yana da sola, sai na gwada soket, wuta tana zuwa. Na kunna, jar fitilar gaba ta kama. Na zaro fiyus na ɗaga shi a haske, zarensa lafiya lau. Na juya bayanta na leƙa. Irin tsohuwar nan ce mai ƙwayayen gilashi a jere kamar ƙwan fitila, waɗanda masu gyara ke kira bawul, sai sun yi zafi take magana. Duk suna ja a hankali yadda ya kamata. Na ƙwanƙwasa kowanne da gindin fensir, shiru. Na canza wayar makirfo, shiru. Na taɓa bakin wayar da yatsa, wanda ko amfilifaya mai rabin rai sai ta yi gurnani, amma ko uffan.

Na ce to watakila lasifikar rufi ce ruwa ya shiga. Na ciro wayarta na ɗosana wa ƙaramin batir, sai na ji ta yi ƙas-ƙas daga sama. Ita ma lafiyarta ƙalau. Abin da ya rage kenan yana cikin ciki.

Na kashe, na zare daga wuta, na jira, sannan na sauke wutar da ke maƙale a cikinta, don irin waɗannan ko an kashe su suna riƙe da abin da zai iya kayar da ƙato. Da na kwance bayan, tun kafin in sa mita hancina ya gaya mini. Wani ƙauri ne na tsohon fenti da ya ƙone, yana fitowa daga ƙaramar taransifomar da ke miƙa sauti zuwa lasifika. Na gwada ta, allurar mita ba ta ko motsa ba. Wayar cikinta ta tsinke.

Wannan taransifoma ba ta cika mutuwa haka kawai ba. Abin da ya fi kashe ta shi ne a kunna amfilifaya a yi ta magana a ciki alhali an cire lasifika. Ƙarfin ba ya samun inda zai fita, sai ya koma ya ci uwar ɗakinsa. Na duba inda ake ɗaura wayar lasifika, sai na ga sukurorin sun yi sheƙi, kawunansu duk sun gurje, alamar ana yawan kwancewa da ɗaurewa, kuma ba da sukudireba ba, da bakin wuƙa.

Na koma gida ina huci, na ce sai na san wanda ke wasa da kayan masallaci. Babana ya fita gona. Innata tana tankaɗe a tsakar gida, ta saurare ni har na gama, sannan ta ajiye rariya.

"Ba kowa na ba, babanka na," ta ce. "Tun bazara, in hantsi ya yi mutane sunka tahi gona, sai shi shiga ɗakin ga shi ruhe. Shina cire wayar sama don kar a ji shi, shi riƙa gwada muryatai."

Na ce to in gwada murya ne, me ya kai shi kunna ta?

"Hannu ya saba. Ya ce in bai ga jar hitilar ga ba, bai riƙe abin maganar ba, kiran bai zo mishi." Ta dube ni. "Ɗan nan, da ka ƙyale akwatin ga yadda kag gane shi."

Yau in na tuna wannan magana kunya take kama ni, don ta faɗa mini komai a fili. Mutum ba ya kulle kansa a ɗaki yana gwada muryar da ke lafiya. Amma ni abin da na ji kawai shi ne na gano dalili. Murna ma na yi. Da babana ya dawo na zaunar da shi kamar ɗalibina, na yi masa bayanin yadda wuta ke komawa baya, na ce don Allah kada ya sake cire wayar nan. Ya saurara yana kallon ƙasa, ya gyaɗa kai, ya ce to.

Irin wannan taransifoma ba a sayar da ita yanzu. Na kwance ta na kai wa wani mai naɗin wayar fanka da injin ban ruwa a cikin garin Shagari. Ya jujjuya ta ya ce wannan ai ta girme shi, in nemi liman ya yi mata salla kawai. Na nace. Muka zauna a rumfarsa yana warware ƙonanniyar wayar, siririya kamar gashi, ni ina riƙe da lissafin zagaye a takarda. Sau biyu muka ɓata muka sake. Na koma Bodinga na yi satin koyarwa rabin hankalina yana can. Na kira maƙwabcin nan na ce ya gaya wa dattawa su riƙe sabuwar amfilifayarsu, ta Baffa za ta tashi, kuma ladan yana nan daram. Na faɗa da gadara, ina so malamin allon nan ya ji.

Asabar ta zagayo na karɓo ta, na ɗaura, na liƙe wayoyi da dalma. Na ɗaure wayar lasifika tamau, har na sa filaya na ƙara matsewa don kada wuƙa ta iya kwance ta. Na kunna, na jira ƙwayayen suka yi ja. Sai ga ɗan gurnanin nan daga rufi. Na hura makirfo, kajin maƙwabta suka watse. Tun ina yaro ban ji ta da ƙarfi haka ba. Mutane suka fara leƙowa suna sa mini albarka, ni kuma ina ta washe baki.

La'asar ta kusa, babana ya shigo da alwalarsa, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya tsaya ya dubi jar fitilar.

"Ta tashi?" ya ce.

"Ta tashi, Baba. Ta hi da ma."

"Allah shi yi ma albarka."

Ya daɗe yana goge hannunsa a jikin riga kafin ya ɗauki makirfo. Ni kuwa na fita da sauri na tsaya can nesa a gindin wata bishiyar bedi, wai ina so in ji yadda sautin ke sauka.

Abin da ya fara fitowa numfashi ne, mai nauyi, yana shiga yana fita. Sai kabbarar farko ta zo a dishe, rabinta iska. Ta biyu ta tsinke a tsakiya. Ya yi tari, tarin ya karaɗe gari. Ya sake ɗauka, ya kai shahada da kyar, ya yi ƙoƙarin jan ta yadda ya saba, muryar ta ƙi hawa, ta koma wani siririn kuka. Matan da ke daka a gidan da ke kusa da ni suka tsayar da taɓarya. Wani mai tura baro ya tsaya ya ɗaga kai yana kallon rufin masallaci. Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi.

A nan tsaye na gane. Duk makonnin da akwatin ya yi shiru, mutane suna cewa amfilifaya ce ta mutu, ba wanda ya ce muryar ladan ce. Shirun nan shi ne suturar da ta rage masa, ni kuma na zo da mita da dalma na yaye ta, na ƙara wa amfilifaya ƙarfi, na matse wayar. Na so in ruga in kashe, sai na fasa. In na kashe a tsakiyar kiran salla ma wani tozarcin ne.

Ya kai inda ake kiran mutane su zo salla, ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Aka ji shiru mai tsawo, sai gurnanin amfilifaya kawai. Daga nan aka ji 'yar magana ƙasa-ƙasa, sai muryar malamin allon nan ta ɗauka daga inda aka tsaya ta ƙarasa. Daga baya na ji cewa babana ne ya leƙo ya yafito shi da hannu. Mutumin ma da farko ƙi ya yi, sai da babana ya danƙa masa makirfo a tafi.

Na yi sallar a sahun baya, ban san abin da na karanta ba. Da aka sallame, babana ya matsa gaban liman ya ajiye mabuɗin ɗan ɗakin a kan buzunsa. Liman ya ce ya dakata, mura ce, za ta wuce. Babana ya girgiza kai. Bai ƙara kiran salla ba har ya bar duniya, bayan an yi ta kai shi asibiti a Sakkwato kan ciwon maƙogwaron da ashe ya daɗe yana ɓoyewa.

Amma a wannan yammacin ban san da maganar ciwo ba tukuna. Muka taho gida tare, yana gaba ina baya da jakar kayan aiki. Wani manomi da ya taso daga fadama ya gamu da mu, ya durƙusa ya gaishe shi, ya kasa haɗa ido da shi, ya wuce da sauri. Babana ya bi shi da kallo. Da muka kai ƙofar zaure ya tsaya ya dafa kafaɗata, na sunkuyo da kunnena don in ji shi.

"Aikinka ya yi kyau," ya ce. "Har bakin hwadama an ji ni."