Ƙwayar Aro

Charlene Voss ta yi shekara arba'in da ɗaya a garin Dayton kafin a samu wanda ya gaya mata ba lalaci ke damun ta ba. Tun tana firamare malamai suka yanke mata hukunci: yarinya mai kai, amma ba ta mai da hankali. Mahaifiyarta ma ta bi bayansu. Haka ta girma tana ɓatar da makulli, tana ƙona tukunya, ta shiga ɗaki ta tsaya tana tambayar kanta me ya kawo ta. Wuraren aiki tara ta zaga. Ba a taɓa korar ta kan sata ko rashin kunya ba. Kullum dai makara ce, ko mantuwa.

Wata likita ce ta zaunar da ita, ta yi mata tambayoyi har na awa biyu, ta ce abin yana da suna, ADHD, ciwon kasa tattara hankali wuri ɗaya, kuma yana da ƙwaya. Ran da Charlene ta fara sha, ta wanke kwanonin da suka kwana uku a kicin, tas, ba ta bar su ta kama wani abu ba. Sai ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Rabin kukan na haushi ne. Ashe haka kan sauran mutane yake, shiru, su ɗauki abu ɗaya su kai shi ƙarshe, ita kuwa ana ta zagin ta a banza.

Da ƙwayar nan ta samu aikin tuƙa motar ɗaga kaya a wani ƙaton sito a bakin gari, kuma shekara uku ko kusurwar kwali ba ta goga ba. Tana son aikin nan ƙwarai. Shi ne wuri na farko da aka san ta da iyawa, kuma ta dalilinsa take da inshorar da ke tsaya mata wajen likita da magani.

Sai dai ƙwayar na cikin waɗanda hukuma ke sa wa ido. Ta kwana talatin ake bayarwa, ba ƙari, kowane wata sai da sabuwar takardar likita. Wato mai ciwon mantuwa aka ɗora wa tuna ranar waya da ranar asibiti da ranar kemis. Wanda ya tsara wannan, Allah ya shirye shi. Duk da haka ba ta taɓa tsallake wata ba, sai da maganin ya yanke a gari. Kemis goma sha huɗu ta buga wa waya. Wasu suka ce babu, wasu suka ce ba sa faɗa ta waya. A kwana na tara ba ƙwaya, ta ja mota baya da kaya a sama ba ta sauke ba, saura ƙiris ta rufto su a kan wani abokin aikinta. Ta kashe motar ta sauko.

Ranar Lahadi bayan coci ta je cin abinci gidan yayarta Bernadette.

"Ke Char, sau uku ke nan kina barbaɗa gishiri a dankalin nan," in ji Bernadette. "Kashe kanki za ki yi a gidana?"

"Yaya, ƙyale ni. Kaina kamar tashar mota yake."

Mijin Bernadette, Curtis, mai gyaran wutar lantarki, shi ma ciwon ne da shi, kuma ba ya shan tasa ƙwayar ranakun hutu, don haka yana da ragowa. Bernadette ta ƙunso guda biyar a takarda ta tura mata.

"Tasa ba irin tawa ba ce," in ji Charlene.

"Dalla can, duk kanwar ja ce. Ko sai kin kashe ɗan mutane tukuna?"

Ta karɓa. Ƙwayar kuwa ta yi aiki sarai, kan ya dawo daidai. Amma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ranar Alhamis ƙuri'ar gwajin fitsari da kamfani ke yi wa direbobinsa ta faɗo a kanta. Ko a jikinta, don an sha gwada ta, takardar likita take nunawa a wuce wurin.

Bayan mako guda likitan kamfani ya kira ta.

"Madam Voss, maganin da ke takardarki daban, wanda ke jikinki daban. Na wa kika sha?"

Ta ƙi faɗa. A ranar aka dakatar da ita daga aiki. Likitarta kuma ta tuna mata ta taɓa sa hannu cewa ba za ta sha na wani ba, don haka ba sabuwar takarda sai an duba lamarin. Ƙofa ɗaya kamfani ya bar mata, takardar neman sassauci mai shafi shida, a mayar cikin kwana goma.

Kwana takwas ta yi tana fama da shafukan nan da kai ba magani, layi ɗaya sai ta karanta sau huɗu. Daga ƙarshe ta kai wa Bernadette, suka zauna a tebur, yayar na karantawa tana rubutawa. A shafi na biyar suka iso wurin da aka ce a rubuta sunan mai maganin, da gargaɗin cewa ba za a duba takardar da aka bar wurin ba. Ba wa wani mutum irin wannan ƙwaya laifi ne a doka. In sunan Curtis ya hau, maganinsa ya tafi, ƙila har da aikinsa. Gaba kura, baya siyaki.

Bernadette ta ajiye takardar, ba ta iya ɗaga ido ba. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Char, yara uku gare mu."

"Na sani, Yaya."

Charlene ta ji tsoro, don ta san rayuwar da za ta koma, ta yi shekara arba'in da ɗaya a cikinta. Ta tsallake layin sunan, ta cike shafi na shida, ta sa hannu.