Ɗorawar Hure

A ƙauyensu, can bayan Minjibir, in ana kwatance ba a cewa gonar Mati, sai dai a ce wajen ɗorawar Hure. Gonar dai ta Mati ce, ƙaninta, shi ya gaje ta. Bishiyar kuwa kakarsu ce ta ba Hure tun tana amarya, a gaban mutum huɗu da yanzu duk suna ƙasa. Haka ake yi a wurinsu: ƙasa ta wani, itacen da ke kanta na wani, kuma ba wanda ya taɓa ganin abin mamaki a ciki.

Shekara arba'in da 'yan kai Hure na cin arzikin bishiyar nan. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu suna aure a nesa, amma ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Da bazara takan ɗaura ƙugiya a doguwar gora ta kaɗo 'ya'yan. Garin ta sayar, ɓawon ta ba masu yaɓe, kalwar kuma ta dafa, ta surfa, ta rufe a ƙwarya kwana uku. Matan unguwa ko da ido a rufe sun san daddawarta. Ba ta da yawan magana, sai dai in ta yi zolaya ba a mantawa.

Ja'afaru, ɗan Mati, shi ne ya fara zuwa kwaleji a zuriyarsu. Yana koyon ƙiyasta darajar filaye da gidaje a birni. A wani hutu ya zo da tef da fom, ya ce malaminsu ya sa kowa ya auna gona guda ya yi mata farashi. Hure tana gindin bishiya tana tsintar abin da iska ta zubo.

"Gwaggo, riƙe mini bakin tef ɗin nan, in zagayo gindin."

"Kai da ka maƙale a reshen can kana kuka sai da aka kawo tsani, yau kai ne mai auna ta?" Ta riƙe masa tana dariya. Da ta ga yana rubutu ta ce, "Sunana ka sa?"

"Gurbi ɗaya ne a fom ɗin, Gwaggo, na mai gona. Malam ya ce duk abin da ya kafu a ƙasa na mai ƙasar ne. Ai ba da gaske ba ne, maki kawai za a ba ni."

An ba shi maki saba'in da biyu. Ya kawo wa babansa takardar don alfahari, da hatimin kwaleji da jan biro a samanta, ya karanta masa har layin da ya faɗi abin da bishiyar za ta kawo in an sare ta. Mati ya karɓa. Ya sa takardar a leda ya tura ƙarƙashin katifa.

Sai ga shekarar da aka janye tallafin mai. Taki ya gagari talaka, kwanon masara ya zama abin da ake tambaya da ƙaramar murya. Mutanen birni suka koma girki da gawayi, masu injin yankan itace suka fara zagaya ƙauyuka a kan babur. Ranar wata Laraba Hure ta je ta tarar an shafa wa gindin ɗorawarta jan fenti.

Ta kai ƙara gaban mai unguwa. Mati ya zo da ledarsa.

"Yaya, ni ban ce ba taki ba ce. Takarda ce ta ce."

Mai unguwa ba ya karanta Turanci. Ya juya takardar gaba da baya, ya daɗe yana kallon hatimin. "Ina shaidunki?"

"Ranka ya daɗe, kai ma shaida ne. Daddawar wa ake sa maka a miya?"

Aka yi dariya, shi kuwa bai yi ba. Ya ce a kira yaron ya fayyace. Aka buga wa Ja'afaru waya, ya ji muryar gwaggonsa, ya ce sabis ba kyau, ya kashe.

Kafin azahar washegari an gama da bishiyar. Hure tana tsakar gida ta ji faɗuwarta, kwanukan da ke bakin rariya suka yi ƙara. Mati ya aiko mata da dami biyu na ƙirare, wai rabonta. Ta gwada sayen kalwa a kasuwa sau biyu, ta ga wahala kawai take dafawa, ta kife tukunyar. Daga nan ta fara yi wa maƙwabta surfe ana ba ta dusa da ɗan tsaki.

Bayan wata biyar Ja'afaru ya dawo da sababbin fom. Wannan zangon an sa musu darasin nazarin zamantakewa, kowa zai tattauna da matan karkara goma. Ya durƙusa ya gaishe ta da kyau, ya zauna a kan turmi, ya ce ita ce ta farko don ta fi kowa labari.

"Shekarunki? In sa sittin. Sana'a?" Ya dubi tukunyar da ke kife, ya rubuta. "Kadarar da kika mallaka?" Wannan ma bai jira amsa ba. "Yauwa. A ganinki, me ke hana matan karkara ci gaba? Ki saki jiki, Gwaggo, ba za a sa sunanki ba."

"Na san ba za a sa ba," in ji ta.

Ya shafa mata tawada a babban yatsa ta dangwala. Har ya miƙe sai ya juyo yana sosa ƙeya.

"Gwaggo, ba 'yar daddawa in tafi da ita? Miyar makaranta salam take."

Ta shiga ɗaki ta daɗe. Ta fito da guda uku, su ke nan suka rage a gidan. Ya kai hanci ya shinshina.

"Ta bara ce ko?"

Ya naɗe su a wani fom da ya lalace, ya tambaye ta wace mata ce a unguwar za ta yarda ta zama ta biyu.