Birki Ya Yi Fakin a Motar da Ba Ta da Taya

Sunansa na gaskiya yana cikin lasisinsa, kuma can ya bar shi. Kowa Birki yake ce masa. Abokan aikinsa ne suka liƙa masa sunan, wai idan ya hango akuya a ƙarshen titi tun daga nan yake fara taka birki, kafin ya iso akuyar ta tsallaka, ta haihu, har ta yaye.

Da wankin mota ya fara a tasha, ya zama karen mota, ya ci zagin direbobi har ya ƙoshi. Daga baya wani kamfanin sabulu ya ɗauke shi tuƙa manaja. Manajoji suka yi ta canzawa a kujerar baya, mai tumbi ya tafi, mai sanƙo ya zo, shi kuwa yana nan a gaba da farar rigarsa mai guga. Abu biyu aka san shi da su. Ba ya magana sai an tambaye shi, ko an tambaye shi ma yawanci kai yake gyaɗawa ta madubi. Sannan ba ya ɗaukar waya yana tuƙi. Ko wa ya kira, sai ya sa sigina, ya gangara gefen hanya, ya ja birkin hannu, sannan ya yi sallama. Matarsa ta sha ce masa, “Malam, kai ko gidan nan ke ci da wuta sai ka gyara fakin tukuna.”

Ana nan sai aka sayar da kamfanin. Sababbin masu shi suka ce kowane manaja ya ja motarsa da kansa, ai yana da hannu. Aka ba Birki agogon bango, aka yi musafaha, aka ɗauki hoto. Ya dawo gida ya rataye agogon, ya zauna a ƙarƙashinsa yana kallon yadda yake tafiya.

Tun daga lokacin keken ɗinkin matarsa ke riƙe da gidan. Ba ta taɓa yi masa gori ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Keken ne ke yi a madadinta, ƙiriri-ƙiriri tun safe, shi yana kan tabarma yana goge takalmin da ba inda zai je da shi. Wani lokaci takan ce, “Malam, in za ka fita ka biya ka sayo min zif da baƙin zare.” Ba fita zai yi ba, ita ma ta sani, amma sai ya tashi kamar dama yana da wajen zuwa. Mai shagon zare har ya fara ce masa ɗan aiken tela. Ga maƙwabta kuwa, cewa yake yi yana hutu. Hutun ya zagaya shekara ya shiga wata.

Auta, ’yarsa da ke aiki a shagon sayar da waya, ita ce ta samo labarin wata makaranta da ke neman direban bas na kai yara da dawo da su. Ta tura bayanansa ba tare da ta tambaye shi ba. Da yamma ta dawo ta ce, “Baba, ranar Alhamis da hantsi za su kira ka. A waya za a yi ganawar.”

“A waya? Ba za su gan ni ba?”

“Shi ne ma sa’arka. Mai jini a jika suka ce suna so.”

Birki ya shafa gemunsa, wanda ya yi fari fat. Ya haura sittin, kuma gemun ba ya rufa masa asiri.

Auta ta ce sai sun yi gwaji. Ta ɗauki wayar uwarta ta shige ɗaki, ta kira shi yana tsakar gida. Wayar na ƙara ya miƙe tsaye, ya gyara hula.

“Barka da yamma, daga makaranta muke kira. Kai ne mai neman aikin direba?”

Shiru.

Auta ta leƙo ta taga. “Baba, ka amsa mana.”

“Ai na amsa.”

“Da me?”

“Na gyaɗa kai.”

Matarsa tana da allura a baki, sai da ta cire ta kada ta haɗiye. Aka sake. Auta ta ce ya ba ta labarin kansa, ya ce, “Lafiya lau, ranki ya daɗe.” Ta ce mene ne rauninsa, ya ce gwiwar hagu, in an yi ruwa. Auta ta fito ta zauna a bakin ƙofa ta dafe kai.

“Baba, saurara. Ban da gwiwa. Ban da ranki ya daɗe a bayan kowace kalma, muryar tsofaffi ce. In aka tambaye ka shekaru, ka ce hamsin da ɗan wani abu.”

“Ƙarya zan yi?”

“Ragi za ka yi, kamar a kasuwa. Ka lura kuma, muddin matar ofis ta ce maka Baba, to an gama, ka kashe wayar kawai.”

Yarinyar da ya riƙa ɗauka a kafaɗa yana kai wa makaranta, yau ita ke koya masa buɗe baki. Ranar Laraba ya fita ba a aike shi ba, ya dawo da gemu baƙi ƙirin kamar an tsoma shi a baƙin mai. Matarsa ta tsayar da keke ta dube shi sosai.

“Malam, wayar tana da ido ne?”

“Murya tana bin gemu,” in ji shi, ya wuce ɗaki.

Gidan haya ne, katangarsa ba ta riƙe magana. Da safiyar Alhamis matar maƙwabci ta tare shi a bakin famfo ta ce Allah Ya ba da sa’a. Mijinta, wani ɗan acaɓa da bai kai ɗan Birki na fari ba, yana goge babur ya ce, “Baba Birki, yaya gwiwar hagu?” Ashe duk gidan sun halarci gwajin. Birki ya ga in ya tsaya a nan, kowa zai baza kunne ya ji yadda zai roƙi aiki. Ya sa farar riga, ya zura wayar a aljihu, ya nufi garejin tsohon abokinsa Sifana.

Sifana bakanike ne, dukan ƙarfe ya cinye masa kunne, shi ya sa ko sirri zai faɗa sai an ji a tsallaken titi. Ya dubi gemun ya ce, “Wa ya mutu ka gaji gemunsa?” Birki ya ce wuri yake so mara hayaniya, zai amsa waya. Sifana ya nuna masa bayan gareji.

Can ƙarƙashin bishiya akwai wata mota a kan bulo. Ba taya ko ɗaya, ba gilashin gaba, injin ma an daɗe da cinye shi gunduwa-gunduwa. Amma irin wadda ya fara tuƙa manaja da ita ce. Ya buɗe ƙofa ya shiga. Wata kaza tana kwance a kujerar baya, daidai wurin zaman manaja, ta dube shi da ido ɗaya ba ta motsa ba. Ya ajiye wayar a kujerar gefe, ya gyara madubi, ya ɗora hannu biyu a sitiyari.

Sai ya ji ƙirjinsa ya sake. Ya dubi madubin ya ce, “Ni direba ne tun ina saurayi. Ban taɓa buge ko kare ba.” Maganar ta fito sumul. Ya ci gaba, ya faɗi yadda yake duba mai da ruwa kafin ya tayar da mota, yadda ba ya motsawa sai ya ga kowa ya zauna. Ƙafarsa ta sami kuloci da kanta, hannunsa ya sa giya. Ya ɗauki tsohuwar hanyarsa daga gidan manaja, ya wuce gidan mai, ya zagaya shataletale, ya fara hawa gada.

Yana tsakiyar gada wayar ta yi ƙara.

Ya dube ta, ya dubi madubi. Ba a tsayawa a kan gada. Ya ƙarasa sauka, ya kai hannu wajen sigina ya ji babu, sai ya fitar da hannu ta taga yana kaɗawa don na baya su sani. Ya karya sitiyari a hankali, ya taka birki, ya ja birkin hannu. Ya juya zai ɗauka ke nan ta tsinke.

Ya zauna yana kallon bishiya ta inda gilashi ya kamata ya kasance. Gumi ya gangaro masa ta cikin rinin gemu ya ɗiga a farar riga. Ya rasa kiran da yake jira tun Litinin saboda yana neman wurin tsayawa da motar da ta shekara biyar ba ta motsa ba. Ya fara tunanin abin da zai gaya wa Auta. Sabis ne ya ɗauke? Ita da take sayar da waya?

Wayar ta sake ƙara. Wannan karon, don saurin ɗauka, har ya kusa yar da ita.

Muryar mace ce, yarinya ma, ba za ta girmi Auta sosai ba. Ta ce daga ofishin makaranta take, ta kira ba a ɗauka ba.

“A yi haƙuri, ranki ya daɗe, fakin nake yi. Ba na ɗaukar waya ina kan sitiyari.”

Bai shirya faɗin haka ba, fitowa ta yi. Matar ta ce, “Kai, madalla. Duk waɗanda na kira yau ina jin ana yi musu hon suna amsa ni. Ashe yanzu haka kana kan aiki. Wace irin mota kake ja?”

Nan ne ya kamata ya gyara zancen, amma yabon ya yi masa daɗi, ya daɗe bai ji irinsa ba.

“Ƙarama ce. Ta wani abokina.”

“Kai kake kula da lafiyarta?”

“Ba ta taɓa mutu min a hanya ba.”

“Ko akwai fasinja, in sake kira anjima?”

Ya dubi madubi. “Guda ɗaya ce, kuma ba ta sauri.”

Daga nan hira ta miƙe. Ta tambaye shi in yara suka kaure da faɗa a cikin bas yaya zai yi, ya ce zai tsaya tukuna sannan ya raba, don ido ɗaya ba ya kallon hanya da faɗa. Ta ce haka ne. Har ya fara hango kansa da makulli a aljihu, sai fasinjar ta miƙe daga kan ƙwan da ta saka ta fara shela da iya ƙarfinta. Kafin ya rufe bakin wayar, ga Sifana ya zuro kai ta gurbin gilashi.

“Birki, in ka iso ka sauko, mai sayen sitiyarin nan ya zo! Na ga har sigina ka bayar. Kuma ka rufe ƙofa a hankali kada ta zamo daga kan bulo.”

Can matar ta ce, “Bulo?”

Birki ya rufe ido. Ya gaya mata. Ya ce motar ba ta da taya, ba ta da inji, fasinjar kaza ce. Ya ce rabonsa da tuƙi tun da aka sallame shi, kuma a gida bakinsa ba ya buɗuwa, shi ya sa ya zo nan.

“To fakin ɗin fa?”

“Shi kam na yi shi.”

Ta yi ƙoƙarin dannewa, ba laifi. Amma dariyar ta ƙwace mata. Ya ji ta toshe wayar da hannu, ya ji tana ba wani labari, ya ji wancan ma ya fashe. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya shige har da bulon. Da ta dawo tana share murya ta ce, “Baba, shekarunka nawa?”

Ga Baban ya zo. Hamsin da ɗan wani abu tana kan harshensa, Auta ta ɗora masa ita, amma ba shi da sauran ƙarfin ɗaukar wata ƙaryar. Ya faɗa mata cif, ba ragi.

“An ce mana kada ya wuce hamsin,” in ji ta. Yana jin bugun biro a kan tebur. “Amma yara za a ɗauka, ba kaya ba. Ka zo Litinin da lasisinka, a duba idonka, a gwada ka da bas. Ban yi maka alkawari ba, shugaba ne mai yanke magana. Tamu dai tana da taya, Baba, duka.”

Ya gyaɗa kai.

“Baba, kana ji na?”

“Na ji, ’yata. Na gode.”

Ya fito ya tsaya gefe aka kwance sitiyarin yana kallo. Mai sayen yana ta satar kallonsa yana cije leɓe. Sifana ya ɗauko ƙwan daga kujerar baya, da ɗuminsa, ya danƙa masa. “Karɓi, fasinjarka ta biya.”

Yana shiga gida keken ya tsaya. Auta ma ta gudo daga shago, tana bakin ƙofa.

“Litinin,” ya ce. “Za su gwada ni.”

“Ta ce maka Baba?”

“Ta ce.”

“Shekarun fa, nawa ka faɗa?”

“Duka.”

Ya ajiye ƙwan kusa da kwandon zare, bai yi bayani ba, ya nemi ruwa da sabulu. Ya durƙusa a bakin famfo ya yi ta cuɗa gemu har fatar ta yi zafi. Kumfa ta fita fara, gemu yana nan baƙi ƙirin. Mai rinin bai cuce shi ba, mai kyau ya sa masa. Yanzu ranar Litinin zai tsaya gaban matar da ta san shekarunsa, ta san labarin kaza, da gemun ɗan talatin.

Matarsa ta daɗe tana kallonsa daga kan keke. Sannan ta ɗauki almakashinta, ta goge shi a gefen zane, ta jawo kujera cikin ɗaki inda maƙwabta ba za su gani ba.

“Taho, Malam. Ɗaga haɓa. Kafin Litinin farin zai ɗan leƙo.”