Jinin Raƙuma da Yatsun Alhaji

Mun tashi da asuba daga Agadas, mu tara a bayan Toyota, ni rungume da wani ɗan akwati kamar mai goyo.

Aikina a labo ne, ɗakin gwaje-gwaje na likitan dabbobi. Wata cuta ta shiga raƙuman arewacinmu, mun rasa gane ta. Wata uku na yi ina ɗibar jininsu, ina tace ruwansa, ina ɗiga shi a kan wasu 'yan sandunan ƙarfe masu tsawon yatsa, kowanne da gurbi takwas. A ɗiga, a wanke, a shanya, duka da safar hannu, don ko yatsa ya taɓa su sun lalace. Mu "pus" muke ce musu, kamar katin salula. Akwai na'ura can arewa mai auna nauyin furotin ɗin da ya manne a kansu, ta faɗi ko wane iri ne. Wata likita 'yar Aljeriya ta ce in same ta a Tamanrasat ta wuce da su.

Bayan Arlit babu kwalta sai rairayi. Sau huɗu muka sauka turin mota. Abinci sardin da busasshen burodi, har na kusa da ni ya ce gara a ba shi taya ya tauna.

Kwana uku muka isa. Na sauka wurin wani Alhaji ɗan Damagaram mai kanti a Kasuwar Assihar, abokin yayana. Ya karɓe ni da shayi da gasasshen rago. Ya tambayi abin da ke akwatin, na ce pus ne, kayan aiki kawai. Na bar masa ajiya na tafi unguwar Tahaggart neman gidan likitar.

Da na dawo na tarar da akwatin a buɗe bisa tebur. Alhaji da maƙwabtansa uku suna juya sandunan a hannu, ga tiren nama a gabansu. Ɗaya yana goge nasa da bakin rawani wai ya yi ƙura. Wani na neman inda za a cusa shi a salula.

Na ce, "Alhaji, wa ya ba ka izinin buɗe amanata?"

Ya ce, "Haba ƙanena, dubawa kawai muka yi. Ba abin da ya karye."

Wannan ce ta fi ƙona mini rai. Na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa na gaba da ni ba, kasuwa ta taru. Ko haƙuri bai ba ni ba, shi mamaki ma yake yi.

Likitar ta duba su ta girgiza kai. Ta ce na'urar ba za ta ga raƙumi ba, kitsen rago da fatar mutum za ta karanta. Daga ashirin, biyu kawai ta ɗauka, su ma don kunya.

Na kama hanyar dawowa. Sai wajen Arlit na yarda cewa da na yi wa Alhaji bayani na minti biyar da bai taɓa ba. Na raina shi ne, na ɗauka ba zai gane ba. Har yau ban huce da shi ba, amma rabin fushin da kaina nake yi.

Kwana biyu da isowa na sake haɗa allurai na koma daji. Garken farko da na nufa, na tarar saura raƙumi shida.