Sifaniyancin Kawu Idi

Duk wanda ya taɓa shiga tasin Kawu Idi daga unguwar Mansur zuwa Hindawiyya a Makka ya san ba a tafiya shiru. Da ya tayar da mota sai ya daki sitiyari sau uku, ya gyara murya, ya saki waƙar Sifaniyanci. Jikan Kanawa, haifaffen Makka, ko Jidda sai da dalili yake zuwa!

Wani tsohon alhaji ɗan Sifaniya da Kawu ya yi wa hidima a Mina ne ya bar masa kaset biyu da ɗan littafin waƙoƙi. Kawu ya haddace su tas. Ni ɗan ƙanwarsa, da yake ba ni da aiki sai karatu, na sayi ƙamus ina bin sa a ɓoye, ina rubutawa.

Kalmar da ya fi so ita ce "manyana". Inna Hajara, matarsa, ta ce, "Malam, famfo na yoyo."

"Manyana."

Wata guda ana haka, har ta tsare ni na faɗa mata ma'anarta "gobe". Washegari Kawu ya dawo cin rana, ya ce, "Hajara, ina shinkafar?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Manyana."

Kafin la'asar famfo ya gyaru!

Wata rana wani malami ya shiga motar, ya ɓata rai. "Alhaji, a Makka kake rera waƙar Turawa?"

"Allah gafarta malam, wa'azi ne. Cewa take duniya ba matabbata ba ce."

Da malamin ya sauka, na ce a hankali, "Kawu, na duba. Wani ne budurwarsa ta hau jirgi ta bar shi."

Ya harare ni. "To, ta tabbata?"

Abu ɗaya ne ke ci masa rai. Mutanen Mansur ba su yarda harshe ne na gaske ba. Amininsa Alhaji Bala mai shayi kullum sai ya ce, "Idi, yaren aljanu kake yi, ƙirƙira kake!" Kawu ya yi dariya, amma a mota sai ya ce mini, "Mutum ɗaya, Sani. Mutum ɗaya ya amsa mini a gaban Bala, halas." Ni kuwa na san sirrin: Kawu ya iya kalmomin waƙa irin su farin wata, teku da zuciya, amma bai iya roƙon ruwan sha ba.

Sai shekarar da mu uku, ni da Kawu da Bala, muka yi aikin jagorar alhazai a Mina. Muka tarar da wata tsohuwa zaune tana kuka, ta ɓata, katin shaidarta ya faɗi. Ba Larabci, ba Turanci. Wani ya ce Sifaniyanci take ji. Bala ya daka tsalle. "Idi, ga ranarka!"

Kawu ya matsa, gumi na zuba. Na raɗa masa, "Tambaye ta lambar tantinta."

"Ya walad, kai yaro, ina ka taɓa jin lamba a waƙa?"

Sai ya rufe ido ya kama rerawa, wata waƙa ta yi wa jariri barci. Tsohuwa ta tsaya da kuka. Ta dube shi, ta fashe da dariya, ta ƙarasa masa baitin!

Muka ɗora ta a keken tura marasa lafiya. Kawu na gaba yana ƙwala waƙa tsakanin tantuna, ita tana amshi, alhazai na cewa "Astagfirullah," ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. A layi na huɗu wani mutum ya fito a guje ba takalmi, yana kiran "Mama!"

Bala ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe aljanun ma suna zuwa Hajji."

Daga ranar bai sake tsokanarsa ba, sai dai ya ce, "Idi, ɗan yi mana ta jaririn nan."

Tun rasuwar Kawu littafin waƙoƙin yana hannuna, bangonsa duk tabon shayi. Inna ta ce komai Kawu na iya ce masa "manyana", ban da salla. Ya Allah, Mai jin kowane harshe, ka jiƙan Kawu Idi. Yadda ya mayar da baƙuwarka ga nata, ka sada shi da nasa a Aljanna. Amin.