Kwana Huɗun da Ba a Auna Ba

"To ai ba ka rubuta komai a wurin ba, Baba, shi ya sa na sa sifiri," in ji ɗalibar, tana juyo masa da kwamfutar.

"Sifiri daban, gibi daban, 'yata. Sifiri yana nufin na je, na duba, ban sami ruwa ba. Gibi kuwa, ba wanda ya je."

Baba Ma'auni ake ce masa a sashen nazarin yanayi na jami'ar. Shekara ashirin da tara ke nan, kullum ƙarfe tara na safe sai ya buɗe shingen wayar da ke bayan ɗakin gwaji, ya tsiyaye ruwan saman da ya taru cikin kwalba mai layi-layi, ya durƙusa har idonsa ya daidaita da layin, sannan ya rubuta. Farfesoshi uku sun yi suna da lambobinsa. Ofishinsa tsohon sito ne mai kujera ɗaya, littattafan awo jere har rufi. 'Ya'yansa biyu suna nesa, sai dai waya jefi-jefi.

Yanzu an kafa na'ura mai aunawa da kanta, ita kuma ɗalibar tana kwashe littattafansa zuwa kwamfuta saboda binciken digirinta.

"Haba Baba, kai ma da tsanani! Kwana huɗu fa kacal. Malamina ya ce gibi yana ɓata lissafi."

"Ƙarya ta fi ɓata shi."

Ya shafa shafin da tafin hannu.

"A kwanakin nan aka yi ruwan da ban taɓa ganin irinsa ba. Ina asibiti, gefen gadon mai ɗakina, ina jin sa a kan kwano, ina kintata yawansa a zuci. Ashe ta lura. Ta ce, 'Jikinka ne ke nan, hankalinka yana wurin kwalbar nan taka. Tashi ka je.' Na ƙi. Rana ta huɗu ta cika. Da na dawo, ma'aunin ya tumbatsa, ba abin da zan rubuta." Ya nuna kwamfutar. "In kin sa sifiri, kin ce ba a yi ruwa ba. Kin kuma ce na tashi na bar ta."

"Allah ya jiƙanta, Baba."

"Amin."

Ta goge sifirin nan huɗu, ɗaya bayan ɗaya.

"Malamina zai yi faɗa fa."

"Turo shi wurina, in ya san inda ofishina yake."

Ta yi dariya, shi ma ya ɗan murmusa. Ya duba agogo, tara saura biyar.

"Ai na'urar ta riga ta auna na yau," ta ce.

"Ta auna nata."

Ya soka fensir a bayan kunne, ya ɗauki littafin bana, ya bi ta gefen azuzuwa ya nufi shingen.